Rawar Masu Wanki da Almakashin Ofareta

Har yau Ofareta ake ce masa, ko da yake gidan siliman da ya yi wa aiki ya zama sito na buhunan siminti fiye da shekara ashirin. Shekarunsa saba'in da bakwai. Dogo ne, siriri, yana tafiya a miƙe kamar an saka masa sanda a baya. Wandonsa kullum da kari, kuma shi yake goge abinsa, domin a ganinsa ba a haifi mai gugan da ya san inda kari yake tsayawa ba. A makarantar kwana ya koyo wannan, tare da rubutu mai kwanciya dama, da isa wuri minti biyar kafin lokaci.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin inji. Ɗan ƙaramin ɗaki ne can sama a bayan 'yan kallo, ana hawansa da matakalar ƙarfe mai taki goma sha huɗu. Inji biyu ne a ciki, baƙaƙe, kowanne ya kai tsayin mutum, sai teburin naɗe fim, da kwalbar gam, da almakashi a rataye jikin ƙusa. Bango yana da 'yan tagogi huɗu, biyu na fitar haske, biyu na leƙe. Zafin ɗakin kamar gidan burodi. Fim yakan zo cikin gwangwanaye daga wani gidan silima na wani gari, naɗi shida ko bakwai, ya yi mako biyu, ya wuce gaba. Aikin ofareta shi ne ya bi kowane naɗi da yatsu biyu kafin a haska, ya ji inda ya tsage ya gyara, sa'an nan ya riƙa sauyawa daga inji zuwa inji ba tare da na ƙasa sun ankara ba.

A zamaninsa finafinan waƙa da rawa ne ke cika gida. Saurayi na cikin magana da budurwarsa a bakin titi sai ya ɓarke da waƙa, kafin ka farga masu shara da direbobin tasi sun ajiye aikinsu sun jeru a bayansa, ƙafa ɗaya, juyi ɗaya. Ba wanda ya taɓa tambayar inda makaɗan suka ɓuya. Maza masu takalma da ƙarfe a dunduniya suna sa daɓe magana, mata arba'in suna juyawa lokaci guda, rigunansu na buɗewa kamar laima. Kuma ba a yi wa ido wayo. Ana nuna mai rawa tun daga kai har ƙafa, abin da ya yi shi ka gani. In an tashi daga nunin yamma, sai ka ga leburan da ya wuni yana ɗaukar kaya yana sauka matakala da wani ɗan tsalle da bai shigo da shi ba.

Shi kuwa Ofareta cewa yake duk wannan bai dame shi ba. “Ni aiki nake yi, ba kallo ba.” Ba a taɓa ganin ko kansa ya kaɗa wa kiɗa ba. Yana da wata magana da 'ya'yansa biyu suka haddace tun suna ƙanana, adadin shekarun ne kawai ke ƙaruwa: “Shekara kaza ina aiki, ban taɓa lalata ko taƙi ɗaya na fim ɗin mutane ba.” In babbar ta ɓata littafinta da tawada, maganar da za ta ji ke nan. Ranar da Auta ya fasa madubin ɗaki ya ce iska ce, ba don madubin ya sha bulala ba, don ƙaryar ce, kuma sai da uban ya zaunar da shi ya bayyana masa bambancin.

Matarsa tela ce, Tela kuma yake kiranta tun kafin su yi aure. Shagonta na bakin babban titi, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da tabarau. Keken ɗinki ɗaya na ƙafa, teburin yanka, dogon madubi, da benci na masu jira. Rabin sana'arta a silima ta koya. Takan shiga da ɗan littafi da fensir, ta zana wuyan riga da hannunta cikin duhu, washegari ta yanka. Da haka ma suka haɗu. Ta hau matakalar ƙarfen nan ta same shi cikin gumi, ta ce ya tsayar mata da hoto na minti ɗaya ta ga yadda aka yi bayan wata riga. Ya ce in ya tsayar fitila za ta ƙone fim ɗin. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Ashe injin ne ke juya ka.” Wata goma bayan haka suka yi aure.

Fim ɗin da ya hawo da ita sama ranar nan labarin wasu mata ne masu wanki a wani babban otal. Sau tara ta kalle shi cikin mako biyu. Akwai rawar da suke yi a saman bene, tsakanin zannuwan gado da aka shanya. Yarinyar fim ɗin tana juyi cikin tsohuwar rigar aiki, ta shige bayan wani farin zanen gado, ƙiftawar ido ta fito ta ɗaya gefen cikin doguwar shuɗiyar riga. Tela takan ce a duk kallon da ta yi a duniya ba ta ga abin da ya kai wannan ba: mace ta shiga mai wanki ta fito sarauniya. Shekara hamsin da biyu tana ba masu kawo ɗinki wannan labarin, da allura a bakinta.

A bana abu biyu suka faru. Ta bar tukunya a wuta har gindinta ya ƙone, ta kuma yanka wa wata riga hannu biyu duk na hagu. Babbar 'yarsu nas ce, a ɗakin tsofaffi na asibiti take aiki, Nas ma ake kiranta har a gida. Wanda ya wuni da masu mantuwa, duk inda ya duba alamarta yake gani. Nas ta riƙe lissafi a ranta.

Wata Lahadi da yamma Auta, wanda yanzu direban babbar mota ne, ya shigo da murna yana ɗaga waya.

“Mama, ga masu wankinki na samo miki. Yau kya bar kunnuwanmu su huta.”

Ya haɗa wayar da talabijin. Tela ta gyara zama, ta sa tabarau. Tun kafin 'yan wasan su buɗe baki take riga su, ta bi waƙoƙin duka ba ta tsallake baiti ba. Ofareta yana kan kujerarsa a gefen taga da jarida, ya yi kamar ba da shi ake ba. Amma tun da aka buga kiɗan farko shafin bai juya ba.

Da aka zo saman bene ta ɗaga hannu. “Ku yi shiru, ku zuba ido. Yanzu za ta shiga bayan zanen.”

Yarinyar ta shiga. Ta fito da tsohuwar rigarta ta aiki. Sauran masu wankin suka ɓullo da kwanoni da duwatsun guga suna bugawa, suka kewaye ta suna rawa, wannan ta cire mata ɗankwali, wannan ta kawo takalmi, wannan ta zura mata shuɗiyar riga. Minti ɗaya da rabi ana wannan. Sa'an nan ta sake bi ta bayan zanen ta fito.

Tela ta cire tabarau ta goge ta mayar. “Wannan kuma daga ina? Ƙari aka yi.”

Auta ya yi dariya. “Mama, wa zai yi ƙari? Matan nan ai sun daɗe da zama ƙasa.”

“Kai dai ka san sitiyari. Sau tara na kalli fim ɗin nan, lokacin ba a ma san za a yi ka ba. Babu kwano, babu dutsen guga. Shiga ta yi ta fito.”

“Mama,” in ji Nas a hankali, “ƙila kin haɗa shi da wani fim ne.”

“Kada ki yi mini muryar asibiti, ni ba majinyaciyarki ba ce.”

Auta ya mayar da wurin baya. Suka sake kallo. Kwanonin suka sake fitowa. Tela ta fara rantsuwa, tana buga hannun kujera. Nas ta dubi ƙanenta, ƙanen ya sunkuyar da kai. Sai Tela ta juya wajen taga.

“Maigida, kai ka haska shi. Faɗa musu.”

Ya sauke jaridar kaɗan. Ya ce, “An daɗe, Tela. Ni kuma kin sani, aiki nake yi, ba kallo ba.”

Ga abin da ya sani, wanda bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ofareta yana rawa. Tun shekararsa ta farko a ɗakin inji yake yi. Ya sa makulli, ya kafa ido a tagar leƙe, ƙafafunsa na bin na cikin fim. Ƙarar inji da kiɗan ƙasa sun isa su rufe masa asiri. Ƙarfen da ya sa aka buga wa dunduniyar takalminsa, wai don kada ta cinye, ba don haka ba ne. Daga ƙugu zuwa sama ma'aikaci ne mai kamun kai, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa babu wanda ya san shi.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin masu wanki, a nunin ƙarfe huɗu, bel ɗin da ke juya naɗin ƙasa ya tsinke. Fim ɗin yana wucewa ta gaban fitila lafiya lau, 'yan kallo ba su ga kome ba, amma maimakon ya naɗe sai ya riƙa zuba a ƙasa. Ofareta yana jikin taga, kwanoni na tashi, shi ma yana tashi. Sai da ya ji wani abu na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin dunduniyarsa ya duba. Yana tsaye cikin fim har idon sawu. Ya tattake shi, ya huda, ya yayyaga. Ƙafa ɗari da talatin, ya auna daga baya.

Ya ƙarasa nunin yana naɗewa da hannu, gumi na shiga masa ido. Kafin nuni na gaba ya zauna a tebur da almakashi. A nan ne gwanintarsa ta cuce shi. Wani ofaretan da ya yanke inda ya lalace kawai, kowa ya ga tsalle, a yi ihu, manaja ya hau sama. Shi kuwa ya ɗaga fim ɗin a gaban fitila yana dubawa hoto bayan hoto, har ya sami inda yarinyar ta ɓace bayan zane a karon farko, da inda ta fara ɓullowa a karo na biyu. Ya yanke nan da nan, ya kankare bakin, ya shafa gam, ya danne. Gangar ma ta faɗa daidai. Guntun ya cusa cikin jakarsa ya kai juji mai nisa da gidan.

Tela washegari ta fara zuwa kallon fim ɗin.

Da fim ɗin ya koma wurin masu shi suka auna suka ga ya ragu, suka rubuto wa manaja. Manaja ya kira shi ofis. Ofareta ya tsaya a miƙe, hannu a baya, ya ce haka ya zo masa. Manaja bai ko ja maganar ba, wa zai yi shakkar mutum mai irin wannan kari a wando? Laifin ya koma kan ofaretan garin da fim ɗin ya fito, mutumin da bai taɓa gani ba. Abin da aka yi masa bai sani ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Daga ranar ya daina rawa. Maganar taƙi ɗaya kuwa bayan wannan ya fara yinta.

Duk lokacin da Tela ta ba da labarin mai wanki da ta fito sarauniya, yakan tashi ya ce zai duba ko an rufe famfo.

Kwana biyu bayan kallon, Nas ta zo da takarda. Ta sami ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa, nan da mako uku. Kafin nan, in ji ta, a rufe shago. Akwai almakashi, akwai dutsen guga mai wuta, akwai titi da za a tsallaka. Tela ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo, amma makullin ya koma jakar Nas. Yadunan mutane da ke jiran ɗinki, Nas ta bi gida-gida ta mayar, tana cewa Mama ba ta jin daɗi, sai ta huta.

“Baba, ai ka ga abin da na gani,” ta ce masa a bakin ƙofa.

Ya ce, “Ke ce ma'aikaciyar lafiya.”

Makon farko Tela ta yi ta mita. Na biyu ta yi shiru, shirun kuwa ya fi mitar ciwo. Ya riƙa ganinta tana taɓa aljihun da makulli ke zama. Ta ɗora ruwan shayi ta tsaya a kansa har ya tafasa, ba ta ko matsa ba. Ta fara rubuta abubuwa a 'yan takardu tana mannawa jikin kabad. Matar da ke auna mutum da ido ta faɗi yadin da zai ci, yanzu tana ƙirga cokula sau biyu.

Kullum da safe, yana aske gemu a gaban madubi, yakan shirya maganar. Ya san kalmar farko da ta biyu. Ya fito, ya ga ta zauna, sai ya tuna Auta da bulala, ya tuna Nas tana kuka a kan littafi mai tawada, bakinsa ya yi nauyi. Ya ce wa kansa likita zai duba ya ga lafiyarta ƙalau, maganar ta mutu da kanta. Ya kuma san cewa mace da aka riga aka karya wa zuciya, in an tambaye ta yau wace rana ce, sai ta yi shakka.

Wata rana da hantsi tana zaune a tsakar gida, hannuwanta a cinya ba abin yi, ta ce ba tare da ta dube shi ba, “Maigida, ina ganinta ƙiri-ƙiri. Ta shiga, ta fito. In wannan ƙarya ne, to me kuma na sani? Ƙila gaskiyar yaran ce.”

Ya ce zai je sayen jarida. Ya yi ta tafiya har ya wuce mai jaridar bai sani ba.

Ran Asabar kafin ganin likita yaran suka zo da safe. Auta ya kawo ƙaramar mota, za a kwaso keken ɗinki daga shago a kawo gida, domin mai tabarau yana son ya faɗaɗa nasa. Tela ta ji, ba ta hana ba. Ta ce dai a yi hankali da ƙafar keken ta dama, tana da rauni. Wannan ne ya tashe shi daga kujera.

“Ku dakata. Ku zauna.”

Suka zauna. Shi ya tsaya a tsakiyar falo, hannu a baya, kamar yadda ya tsaya gaban manaja.

“Uwarku ba ta manta kome ba. Abin da ta ce ta gani, shi ta gani. Ni na yanke wurin.”

Ya faɗa musu duka, bi da bi, bel ɗin da ƙarfen takalmin da ƙafa ɗari da talatin da ofaretan wancan gari. Bai ɗaga ido daga daɓe ba. Da ya zo kan rawar muryarsa ta ƙanƙance, sai da Auta ya ce, “Baba, me ka ce kana yi?”

“Rawa.”

“Kai?”

“Ni.”

Auta ya kai hannu baki. Dariya ta zo masa, ya dubi fuskar uwarsa, ta koma.

Nas ta girgiza kai. “Baba, na san kana tausayinta. Amma rufa mata ba taimako ba ne. A wurin aiki kullum muna ganin haka, miji ya ƙirƙiro labari don kada a ce matarsa...”

Bai taɓa zaton zai faɗi gaskiya a ce ƙarya ce ba. Kunya ta biyu ta hau kan ta farko. Shekarun da ya yi yana gina sunan mutumin da ba ya kuskure, su ne yanzu suka tare masa hanya.

Ya ce, “Auta, sa fim ɗin. Kai shi saman bene.”

Ya juya wa talabijin baya, ya fuskanci bango. Kiɗa ya tashi. Yana ƙirgawa a ransa, leɓunansa na motsi, ƙafarsa ta dama kuwa ta ƙi jin magana, tana buga daɓe a hankali, yaran na gani. Can ya tafa hannu. “Tsaya.” Auta ya tsayar. A jikin gilashin babu kowa sai farin zane, da ɗan gefen dunduniyar yarinyar da ta shige.

“Rubuta lokacin. Ci gaba.”

Kwanoni suka yi ta bugawa. Minti ɗaya da rabi yana tsaye yana kallon fentin bango. Ya sake tafawa. Farin zane ne kuma, da bakin shuɗiyar riga ya fara leƙowa.

“Yanzu mayar da shi baya. In ya zo na farko, tsallaka zuwa na biyu.”

Sau biyu yatsan Auta ya kuskure. A na uku ya samu. Yarinyar ta yi juyi cikin tsohuwar riga, ta shiga bayan zane, ta fito cikin shuɗiya, ganga ta faɗa daidai.

Tela ta miƙe tsaye. “Yawwa! Ga ta nan! Ga ta nan, 'yan nema!” Ta nuna talabijin da yatsa. “Na ce muku ko ban ce muku ba?”

Nas ta rufe fuska da hannu biyu. “Mama, ki yafe mini.”

“Ke aikinki kika yi, ko da kin yi shi da gaggawa. Ba ni makullina.”

Nas ta laluba jaka ta miƙa mata. Ta ce cikin ƙaramar murya, “Likitan fa? Tukunyar nan da hannun rigar...”

“Zan je. Da ƙafata zan je, daga shago, in na gama yankan safe. Ya tambaye ni duk abin da ya ga dama.”

Sa'an nan ta juya ga mijinta. Har yanzu bai bar jikin bango ba.

“Juyo, Ofareta.”

Ya juyo.

“Wato abin da na fi so a duk silima, almakashinka ne.”

“Haka ne.”

“Kuma kana rawa. Shekara hamsin da ɗaya ina zaune da mutum kamar turken rumfa, ashe yana rawa.” Ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. “Da ka faɗa mini wannan tun muna da haƙora, da na yi dariya har na faɗi. Ko ranar Lahadin nan da ka faɗa, da na yi. Na tambaye ka a gaban 'ya'yanka. Na sake tambayarka a tsakar gida, ka tafi sayen jarida. Kwana ashirin kana kallona ina ƙirga cokula.”

Ya buɗe baki ya ce, “Tela...”

“Kada ka ba ni haƙuri yanzu, ba ni da inda zan sa shi.”

Ta shiga ɗaki, ta fito da mayafinta da littafin awo. Ta sa Nas ta faɗi gidajen da ta mayar wa yadi. Gida goma sha ɗaya ne. Ta rubuta su a bayan wata ambulan ta miƙa masa.

“Duk waɗannan an gaya musu kaina ya taɓu. Ko ba a faɗa da baki ba, sun fahimta. In na je da kaina na ce na warke, za su ce haka masu ciwon suke faɗa. Kai za ka je. Ka gaya musu lafiyata ƙalau, ka kuma gaya musu dalili.”

“Dukan dalilin?”

“Har da takalmin.”

Auta ya ce, “Baba, bari in kai ka a mota.”

“Ka kai uwarka shago,” in ji shi. “Ni da ƙafa zan tafi.”

Ya sa hula ya fita. Rana ta riga ta ɗaga. Gidan farko na wata malamar makaranta ce mai ritaya, a layi na uku, mai koren ƙyaure. Ya san halinta, abin da ta ji da safe kafin azahar ya gama unguwa. Ya tsaya a bakin ƙofar ya duba ambulan, ko da yake ya san ba kuskure. Ya ƙwanƙwasa sau uku.

Ta buɗe da tsintsiya a hannu. “A'a, Baba Ofareta! Lafiya? Yaya jikin Mama?”

Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu.

“Lafiyarta ƙalau, Malama. Yau ta buɗe shago. In kina da minti biyar, akwai abin da na zo in faɗa miki a kaina.”